Kurakuran Mai Ɗaukar Hoto da Ba Sa Fitowa Sai a Teburin Edita

Yawancin ɓarnar da mai ɗaukar hoto yake yi a lokeshin ba ta bayyana a ƙaramin allon kyamara. Sai an zuba aikin a kwamfuta ake ganinta, lokacin kuwa 'yan wasa sun watse.

Babba daga ciki ita ce ƙyaftawar haske. Wutar lantarki a Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Idan kyamararka tana kan saitin Amurka, wato hoto 30 a daƙiƙa da shota (tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga) 1/60 na daƙiƙa, ka ɗauki hira a ƙarƙashin dogon ƙwan fitila, za ka ga layukan duhu suna gangarowa a fuskar mai magana. Mayar da kyamarar PAL, saitin da ya dace da wutar Najeriya da Nijar, hoto 25, shota 1/50. Janareto kuwa bugunsa hawa da sauka yake yi, saboda haka ɗauki gwajin daƙiƙa 10 ka kalla a babban allo kafin a fara.

Da rana tsaka wasu kan ɗaga shota zuwa 1/2000 don rage haske, sai tafiyar mutum ta riƙa fitowa a tsinke. Bar shota a 1/50, ka sa gilashin ND, mai rage haske, a gaban lens.

Akwai kuma matsalar fararen kaya. Dattijo baƙin fata ya zauna cikin farar babbar riga, kyamarar da aka bari tana auna haske da kanta za ta bi farin shaddar ta dushe fuskar, idanu su ɓace a ƙarƙashin hula. Auna hasken da hannu, a kan fuska. Shigar da shi inuwa, a riƙe farin kwali daga ƙasa ya mayar masa da haske.

A fim na labari, mutum biyu suna magana, ƙaddara akwai layi tsakaninsu. Idan ka tsallaka shi da kyamara, duka biyun za su fito suna kallon gefe ɗaya, maimakon juna.

A dokumentari abin da ya wuce ba ya dawowa. Riƙe kowane hoto aƙalla daƙiƙa 10 ba motsi, ka ɗauki hannuwa, kayan sana'a da ƙofar gida, domin da su edita zai rufe inda ya yanke hira. Kada ka goge katin ajiyar kyamara sai aikin ya shiga ma'ajiya biyu, ka kuma buɗe ka tabbatar yana kunnuwa.