Darasi na Bakwai: Bashin Gida Bayan Mutuwar Aure

Ku buɗe littafinku. Wanda bai zo da fensir ba ya ara wurin na kusa da shi.

Yau za mu duba gidan da miji da mata suka ci bashin banki tare suka saya ko suka gina, daga baya aure ya mutu. Banki yana riƙe takardun gidan jingina. Jingina ita ce abin da ka ajiye hannun mai binka bashi, in ka kasa biya ya sayar ya ɗebi kuɗinsa. Ma'aikatan cikinku sun san Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashi a zuba. Bashinsa yakan kai shekara 30 ana biya. Aure nawa ne ke kai haka?

Kashi na ɗaya: nemo sunanka

Ɗauko takardar bashin. Ban ce takardar saki ba, takardar banki na ce. Buɗe shafin ƙarshe, inda aka sa hannu ko aka dangwala yatsa. Ɗora yatsa a kan sunanka, ke ma Hajiya ɗora a kan naki. Kada ku ji kunya in kun daɗe kuna nema, a hankali ake koyo. Da Turanci aka rubuta ta, don haka a sami wanda zai karanta muku, amma ba ɗan'uwan wanda kuka rabu da shi ba. Ku tambaye shi: a matsayin me aka sa sunana? Mai cin bashi, mai tsayawa, ko shaida? Shaida ba ya biya. Mai cin bashi da wanda ya tsaya masa, su banki ke bi.

Yanzu ku rubuta wannan: takardar saki ba ta goge suna daga takardar banki.

Ku sake karantawa da ƙarfi. Madalla. Saki tsakanin miji da mata ne, banki ba ya wurin ɗaurin aure, ba ya wurin rabuwa.

Ga lissafi. A ce saura naira miliyan 4 a biya, sunayenku biyu ne a takarda. Nawa ke kanki? Duk ajin da na yi wa wannan tambaya sai su ce miliyan 2. A'a. A yawancin irin waɗannan takardu an rubuta cewa banki na iya bin kowannenku dukan kuɗin. In shi ya daina biya, miliyan 4 ɗin kaf za a nema wurinki. Kai ma Malam, in ita ta daina, haka ne.

Wata ɗalibata mai ɗinki ta taɓa zuwar mini da takardar sakinta a naɗe cikin leda, hannunta na rawa. Tsohon mijin ya faɗa gaban waliyyinta cewa gida nasa ne, bashi ma nasa ne, ita ta tafi abinta. Bayan wasu watanni sai ga saƙo a wayarta, an kwashe kuɗin da ta tara na sabon keken ɗinki, a wani banki dabam ma. Tun watan Agusta na 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna dama su bi lambar BVN su cire kuɗin wanda ya kasa biya daga asusunsa na wasu bankuna, in ya sa hannu a kan yarda da hakan lokacin karɓar bashi. Ta sa hannu, ba ta sani ba. Ta miƙo mini ledar tana cewa, "Malam, ai ga shi ya sake ni." Na ce mata abin da na ce muku: takardar saki ba ta goge suna daga takardar banki.

Sati uku ke nan ina maimaita wannan, jiya kuma wani a cikinku ya ce mini ai sun yi magana ta fahimta da bakinsu. Haba! Maganar baki za ka kai wa manaja? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce a rubuta bashi. Kuna jin ta a tafsiri kowane azumi. Har sai banki da kansa ya ba da takarda mai hatimi cewa ya cire sunanki, kina ciki. Ku rubuta jimlar nan sau biyar.

Kashi na biyu: hanyar fita

Ko a sayar da gidan a biya banki a raba saura, ko ɗaya ya ɗauki bashin shi kaɗai in banki ya yarda a rubuce, ko ku ci gaba da biya tare. Sauya suna a takardar mallakar fili a birni sai da amincewar gwamna, bisa dokar filaye ta 1978. Marar kuɗin lauya ya nemi ofishin Legal Aid.

Kashi na uku: rasit

Duk abin da ka biya, karɓi rasit. A adana a leda.

Aikin gida: kowa ya kwafo sunansa yadda yake a takardar banki, ya kawo ranar Laraba.