Kurakuran da iyalai ke yi wajen riƙon tsofaffi a Maradi

Gidaje da yawa ba sa zama su tsara yadda za a riƙe Baba ko Inna sai ranar da ciwo ya kayar da su. A ranar ne waya ke ta kai da kawo tsakanin Maradi, Yamai da Kano, kowa na cewa "ku kai shi likita, zan aiko", amma ba wanda ya san nawa ne, balle wa zai kwana da shi. Daga nan sauran kurakurai ke samo tushe. Tun ran gini ran zane: a yi zaman tun tsoho yana da ƙarfinsa da hankalinsa, kuma shi za a fara tambaya abin da yake so. A tsayar da mai zama da shi kullum, da mai riƙon kuɗin magani, da abin da kowane ɗa zai zuba. Jika biyar mai zuwa duk ƙarshen wata ta fi jika hamsin da ake alkawari sai da Salla. In tsohon ya yi aikin albashi, a bi takardun fanshonsa a hukumar fansho ta CARENI ko CNSS tun yana iya zuwa da ƙafarsa.

Sai batun inda zai zauna. Kai iyaye gidan tsofaffi ba al'adarmu ba ce, don haka zaɓin bai wuce uku ba: a bar shi gidansa da mai duba shi, a dawo da shi wurin ɗansa a birni, ko a ɗauki mai jinya a biya shi. Masu hali sukan yi gaggawar ɗauko tsoho daga ƙauye a sa shi ɗaki mai fanka da talabijin, a ce an huta da shi. An raba shi ke nan da masallacinsa, da majalisarsa, da gonar da yake leƙawa, kuma zaman kaɗaici na karya tsoho da wuri. Muddin yana alwala da kansa, yana zuwa makewayi, yana ci, yana tuna maganinsa, a bar shi inda ya saba, a riƙa kai masa. A yi maganar ƙaura in ya soma faɗuwa a kai a kai, ko yana manta wuta a kunne, ko ciwonsa na son ganin likita duk wata. Wanda mantuwa ta kama kuwa, kada a riƙa yawo da shi wata guda nan wata guda can don a raba nauyi. Sauyin ɗaki ƙara ruɗa shi yake yi. Masu jinyar ne za su yi karɓa-karɓa.

Kuskure ne kuma a jibga komai kan suruka ɗaya ko jikanya ƴar makaranta. Mai jinya na gajiya, kuma gajiyarta kan tsohon take ƙarewa. A ba ta ranar hutu. In ɗauka aka yi, a yanke albashi a fili, a sami mace ga mace, namiji ga namiji, saboda wanka da tsarki.

Wajen magani aka fi yin ɓarna. Mai tansiyo, wato hawan jini, ya sha ƙwaya wata biyu, ya ji garau, sai a daina saye. Hawan jini ba ya faɗin zuwansa. Sau da yawa shanyewar ɓarin jiki ce sanarwarsa ta farko. Ba a tsayar da maganin sai da izinin likita, kuma a riƙa auna hawan jinin a ƙaramin asibiti (CSI) mafi kusa: in yana kai 14/9 (wato 140/90) ko fiye a kai a kai, a koma wurin likita. Gishirin yini duka kada ya wuce giram 5, wajen ƙaramin cokali guda, kuma magi na cikin lissafin. Ƙwayoyin ciwon gwiwa na masu talla, irin su diklofenak da ibuprofen, suna cin ciki, suna lalata ƙoda, suna ƙara tansiyo. Duk ranar zuwa likita a zuba abin da yake sha a leda guda, har da sassaƙe da jiƙo, a nuna. Mai ciwon suga ya ga likita kafin watan azumi, don wasu ƙwayoyin na faɗar da suga in ba a ci abinci ba.

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, wasu ma da gangan suke rage sha don gudun fita fitsari da dare. A ajiye masa ruwa kusa, a riƙa miƙa masa ko bai nema ba. In ya soma sambatu farat ɗaya, kafin a ce iska ce ko tsufa, a auna zazzaɓin cizon sauro, suga da fitsari.

Faɗuwa kuma galibi tsakanin ɗaki da makewayi take, cikin dare. Fitila a hanya, ƙarfen dafawa a bango, kujera mai huda bisa masai don kada ya tsuguna. In ya faɗi ya kasa taka ƙafa, a yi hoton ƙashi kafin a kira mai ɗori, domin karayar ƙugu ba ta ɗoruwa da kara da tsumma. Haka yanar ido: aiki ne da ba ya ɗaukar lokaci a asibitin ido, amma masu tura ta da tsinke sukan kashe idon gaba ɗaya.

Wanda ya kwanta ba ya tashi, a juya shi duk awa 2, dare da rana. A duba dunduniya, kwankwaso da ƙasan baya. Ja ko duhun da bai ɓace ba alamar gyambon kwanciya ce. A sauya zanen da ya jiƙe nan take, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, kuma kada a ba shi kunu yana kwance, a tashe shi zaune saboda ƙwarewa.

Maganar dukiya ce ake kunyar tayarwa, wai kamar ana kiran mutuwa. A rubuta basussuka, na kansa da waɗanda yake bi, da gonakin da aka ba da aro ko jingina, a nemi takardarsu wurin hukumar filaye ta COFO. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, ba a kuma yin ta ga magaji. A rubuta gaban malami da shaidu biyu, a ba mutum fiye da ɗaya kwafi.