Shawara ga masu kwatanta tsofaffin littattafai

'Yan uwa ɗalibai na nan Katsina, in an ba ku aikin kwatanta Magana Jari Ce da Dare Dubu da Ɗaya, kada ku ɗauko su gaba ɗaya, za ku sha wuya. Ku kama abu guda: wa ke ba da labarin, kuma don me?

A na Larabawa, Shaharzad ce ke jan labari kowane dare don kada sarki ya kashe ta. A na Abubakar Imam kuwa, aku ne ke riƙe Musa ɗan sarki da hira don kada ya bi ubansa yaƙi. Ita ranta take ceto, aku kuwa amana aka ba shi. Ni a littafin rubutu nake ware shafi biyu, hagu da dama, ina cikawa ina karantawa.