Yadda za ka zaɓi DAC don kayan sautin gidanka

DAC ita ce 'yar na'urar da ke juya lambobin da ke cikin waya ko kwamfuta su koma sautin da amfilifaya za ta tura wa sifika. Ko wayarka akwai ta a ciki, ta waje dai ta kan fi tsafta.

Kafin ka fidda kuɗinka leƙa bayan kayanka tukuna. Daga kwamfuta kake kunnawa? USB kake buƙata. In talabijin ce nemi DAC mai ramin oftikal (na wayar da ke ɗaukar sauti ta haske), kuma ka shiga saitin sautin talabijin ɗin ka mai da shi tsarin da ake kira PCM, don yawancin DAC ba sa gane tsarin Dolby, sai ka ji shiru ko shuuu ka ɗauka an sayar maka da jabu alhali lafiyarta ƙalau. Wajen fita zuwa amfilifaya kuma RCA (ramukan nan ja da fari) ya ishi yawancin gidaje, XLR (mai ƙafa uku) sai in amfilifayarka na da shi.

Kar manyan lambobin bit da kHz (ma'aunan ingancin sauti) na jikin kwali su ruɗe ka, faifan CD ma bit 16 ne da 44.1 kHz kuma kunne bai raina shi ba. Ƙananan DAC na kamfanonin Topping, SMSL ko FiiO sun wadatar wallahi, in sifikunka na rangwame ne ma gara ka fara canza su, a nan za ka fi jin bambanci.

Sai batun wuta, kayan Amurka da yawa 120V ne mu kuma 230V muke, duba kafin ka jona. Ni na fi son mai cin 5V ta USB, ko fawa banki zai riƙe ta.