Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen man shafa wa katakon waje, da yadda za a gyara

Jama'a, duk wanda yake da ƙofar katako mai kallon waje, ko benci a ƙofar gida, ko rumfar katako a tsakar gida, ko irin daɓen katakon nan da ake yayi yanzu a wuraren shaƙatawa na Abuja da Kaduna, ya san abin da nake nufi. Ranar da aka gama aiki abu yana ƙyalli gwanin sha'awa, damina ɗaya ta wuce hunturu ya biyo baya sai ka ga ya fara ɓarewa, katakon ya koma toka-toka, wani wurin ma ya yi baƙi. Sai a ce kafinta ya cuci mutum ko an sayar masa da jabu. Wani lokacin haka ne, amma galibi tun a shago aka yi kuskuren, wajen zaɓen abin da za a shafa.

Babban kuskuren, wanda kusan duk sauran daga gare shi suka fito, shi ne son sheƙi. Mu dai a wajenmu in katako bai yi ƙyalli ba kamar ba a gama aikin ba, shi ya sa da an ce katako sai a ce a sayo banish. To banish galibi na cikin ɗaki ne, na gado da wadirob da teburin falo. Shi kwanciya yake a saman katako ya zama fata mai tauri, shi kuma katakon waje kullum cikin motsi yake, ya sha ruwa a Agusta ya kumbura, hunturu ya zo iska ta bushe ƙayau ya tsuke, wannan fatar ba za ta iya bin sa ba dole ta tsage, kuma da ta tsage ruwa zai shiga ta ƙarƙashinta ya rasa hanyar fita, nan ne ruɓewa ke farawa kai kana ganin sama lafiya lau. Abin da katakon waje yake so shi ne mai da zai shige cikinsa, kamar yadda man kaɗanya ke shiga kaushin ƙafa da hunturu. Shi ne siten mai mai, wato rinin katako wanda ake haɗawa da man linsid ko man tung, waɗanda ake tatsowa daga 'ya'yan tsirrai, ko alkid, wani irin ƙaro da ake haɗawa a masana'anta. Ba ya ƙyalli sosai, gaskiya ne, amma ba ya ɓarewa tunda babu fatar da za ta ɓare, sai dai ya koɗe a hankali, in ya koɗe kuma wankewa kawai za ka yi ka ƙara shafawa, ba kankara ba wahala. In ka shiga shago a Ƙofar Ruwa ko Dei-Dei ko Panteka ka karanta jikin gwangwanin da kanka, ka tabbata an rubuta na waje ne kuma mai shiga cikin katako ne, ka duba da me aka ce a wanke buroshi. In an ce da tina, ruwan nan da ake tsinka fenti mai mai da shi, ko makamancinsa to mai mai ne, in an ce ruwa da sabulu to na ruwa ne. Kar ka tsaya a kan "ai duk ɗaya ne Alhaji", ba ɗaya ba ne.

Daga nan sai maganar launi. Mutum ya sayi madaci ko iroko mai tsada, ya ce shi ba ya son a rufe masa kyan katakonsa, a shafa masa farin mai wanda ba launi ko kaɗan. Na fahimci wannan sosai, don madaci in aka goge shi abin kallo ne. Amma ranar nan tamu ba ta da wasa. Akwai wani sinadari a jikin itace da ake kira lignin, shi ne yake riƙe zaren itacen wuri ɗaya, hasken rana yana cinye shi, ruwan sama ya zo ya wanke, abin da ya rage shi ne wannan toka-tokar mai gashi-gashi da kake gani a tsofaffin bencina. Mai zalla yana korar ruwa amma ba ya tare rana, garin launin da ke cikin siten ɗin shi ne yake tare ta. Wannan ba sabon ilimi ba ne, tun shekarun 1950 cibiyar binciken katako ta gwamnatin Amurka da ke Madison a jihar Wisconsin ta fitar da haɗinta na katakon waje, man linsid ne da ɗan kakin farafin don korar ruwa da garin launi da maganin ruɓewa, kuma yawancin na kasuwa har yau a kan wannan tunanin suke tafiya. Saboda haka ka zaɓi mai matsakaicin launi, wanda zai rina katakon amma kana ganin zanensa ta ciki. Mara launi kwata-kwata ko shekara ba ya kaiwa a rana. Mai kaurin da ke rufe komai kuma ya zama fenti ke nan, a ƙofa ko bango zai iya yi, amma a daɓen da ake takawa ɓarewa zai yi. Kuma a guji mai duhu sosai a inda za a zauna ko a taka, don a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato baƙin katako ba ya takuwa da ƙafa ba takalmi, zafin kuma yana ƙara tsaga shi.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne gaggawa a kan ɗanyen katako. Yawancin katakon da muke saya a Na'ibawa 'Yan Katako da sauran kasuwanni daga kudu ake kawo shi, da yawa ba a daɗe da yanko shi ba, ruwa ne fal a cikinsa. A sauke yau, kafinta ya buga gobe, jibi mai fenti ya zo. To mai zai shiga ina alhali ruwa ya cika wurin? Sai ya tsaya a sama yana danƙo, daga baya ya yi dabbare-dabbare. Masu yin siten yawanci suna cewa danshin katako kar ya wuce kashi 15 cikin 100, akwai 'yar na'ura mai allura biyu da ake aunawa da ita, in ba ka da ita ka yayyafa ruwa a kan katakon ka tsaya ka gani, in ya shanye cikin 'yan mintuna to zai sha mai, in ruwan ya tsaya ƙwaya-ƙwaya a sama to da saura. A jera katakon a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, a ba shi makonni. A inuwa fa na ce, don in ka baza shi a rana saman zai bushe ya bar cikin, ya tsage ya karkace ka yi asara.

Shi ma irin katakon ana mantawa da shi. Obece da afara da malaina masu laushi ne, suna shan mai sosai, kuma gaskiya obece bai ma dace da waje ba, gara da ruwa ba sa barin sa komai tsadar man da ka zuba masa. Iroko da tik kuwa suna da nasu maiƙon kuma jikinsu a matse yake, kaɗan suke sha, su sai an goge fuskarsu da tsumma mai tina kafin a shafa, kuma shafa ɗaya siririya ta ishe su. Kafin ka sayi galan guda ka sayi ƙaramin gwangwani ka gwada a guntun katakon da ya rage daga aikin, ka bar shi ya kwana, don launin da ke jikin gwangwani daban wanda zai fito a katakonka daban.

Sai masu shafawa a kan tsohon banish ko gulos, wato fenti mai sheƙi. Wannan zubar da kuɗi ne kawai. Siten ba ya ratsa fenti, dole a kankare tsohon har a ga tsurar katako. In tsohon fenti mai mai ne da ya daɗe a yi hattara da ƙurarsa don yana iya ƙunsar dalma, a jiƙa shi kafin a kankare, a rufe hanci, a kori yara daga wurin. Wajen sanfefa kuma akwai masu wuce gona da iri, su goge da mai laushi lamba 220 har katako ya yi santsi, wannan yana toshe ƙofofin da man zai bi ya shiga. Lamba 60 zuwa 80 ta isa ga daɓe da benci, ƙofa ka iya kai ta 120. A share ƙurar tas.

Lokacin shafawa kuma, an fi son a yi da tsakar rana wai don ya bushe da wuri. Ai bushewa da wurin ita ce matsalar. Katako ya ɗau zafi, tinan da ke ciki ya tashi kafin man ya samu ya nutse, sai ka ga layi-layi duk inda buroshi ya tsaya. Yawancin gwangwanaye suna rubuta tsakanin digiri 10 zuwa 32, mu kuwa rabin shekara mun wuce haka da rana, saboda haka a yi da hantsi bayan raɓa ta bushe ko bayan la'asar in inuwa ta sauka. A damina kana buƙatar kwana ɗaya zuwa biyu ba ruwa bayan shafawa, a Agusta wa zai ba ka wannan tabbacin? A tsakiyar hunturu kuma ƙura ce za ta manne a jiki. Ni a ganina lokacin da ya fi shi ne ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke katako ya bushe ƙura ba ta kankama ba.

Yanzu ga wanda ya fi kama mutane masu kyakkyawar niyya, wato labtawa. Mai gida na tsaye yana cewa a ƙara, a ƙara, a yi hannu uku don ya yi ƙarko. Siten mai mai ba haka yake aiki ba. Katako yana da iya abin da zai sha, in ya ƙoshi duk abin da ya rage a sama ba zai bushe da kyau ba, zai zauna yana danƙo sati da sati, ya kwashi ƙura, wanda ya zauna a bencin da farar shadda ya tashi da tambari a baya. Yadda ake yi, ka juya gwangwanin sosai da sanda har ƙasa don launin kwanciya yake, kuma ka riƙa juyawa kana cikin aiki, ka ɗauki falanki biyu ko uku ka bi su daga wannan kai zuwa wancan kai ba tsayawa a tsakiya, ka ba shi minti 15 zuwa 30, sannan ka bi da busasshen tsumma ka goge duk abin da bai shiga ba. In katakon ya shanye nan take yana neman ƙari to ka ƙara tun na farkon bai bushe ba. In kuma an riga an labta yana danƙo, ka jiƙa tsumma da tina ka goge saman da ƙarfi, ka bar shi ya sha iska kwana biyu, yawanci yana gyaruwa. Kuma don Allah a daina tsinka shi da kananzir ko fetur don ya yi auki, launin da man duk raguwa suke, an cuci katakon an cuci mai shi.

Inda ake tsallakewa kuma shi ne inda ya fi buƙata, wato bakin yanka, kan falanki da ƙasan ƙofa da ƙafafun benci. Ta nan itace ke zuƙar ruwa fiye da ko'ina, ka duba duk ƙofar da ta ruɓe za ka ga daga ƙasa ta fara. A cire ƙofar a kwantar da ita a shayar da ƙasanta har sai ta ƙi sha, ƙafar benci kuma a tsoma ta cikin ɗan gwangwani ta jima.

Batun gara, siten ba maganin gara ba ne, kar wani ya ce maka haka. In wurin akwai gara sai an fara shafa maganin katako irin su Solignum, ya bushe sosai, sannan siten ya biyo baya, kuma kar katako ya taɓa ƙasa kai tsaye, a ɗora shi a kan siminti ko ƙarfe. Baƙin man mota da ake shafawa saboda araha kuwa, na san an saba da shi a katakon rufi, amma a benci ko daɓen da yara ke rarrafe bai dace ba sam, ba ya bushewa, yana ɗauke da dattin ƙarfe da sinadarai masu cutar da fata, kuma duk katakon da ya sha shi ba wani siten da zai ƙara kama shi. Haka man linsid ɗanye zalla, yana daɗewa bai bushe ba kuma fumfuna na son sa, a damina sai ka ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo sun fito, shi ya sa gara ka sayi haɗaɗɗe wanda aka rubuta akwai maganin fumfuna a ciki.

Kar kuma a shafa a manta. Abin da yake kwance yana kallon sama, daɓe da saman benci, a ranarmu duk shekara ko shekara biyu yana son ƙari, ƙofa da abin da ke tsaye ko ƙarƙashin rumfa yana iya kai uku ko fi. Gwajin ruwan nan shi zai gaya maka, duk bayan damina ka yayyafa, in ya shanye wurin ya yi duhu lokaci ya yi.

Tsumman da aka goge man da su, wannan ina roƙon masu fenti da yaran shago su ji da kyau. Man linsid yana fitar da zafi lokacin da yake bushewa, in aka dunƙule tsumman aka jefa a kwali ko buhu ko kan tarin dusar katako zafin ba ya samun wurin fita, yana taruwa har su kama wuta da kansu ba ashana ba komai, kuma sau da yawa sai bayan awanni, an rufe shago kowa ya tafi gida. A baza su ɗaya-ɗaya a fili a kan siminti nesa da katako har su bushe su yi tauri, ko a tsoma su cikin gwangwanin ƙarfe mai ruwa a rufe, kafin a tashi daga aiki a ranar.