Yadda na shawo kan tafasa a filin gamba

Tafasa ce ta mamaye filin kiwon, ta yi wa gamba da kyasuwa inuwa, shanu kuma ba su damu da ita tana ɗanya ba. Maganin feshin ciyawa na Glyphosate ba nata ba ne a nan, don ba ya zaɓe, har ciyawar zai ƙone. Na yi amfani da maganin 2,4-D amine mai ƙarfin giram 720 a lita, wanda ke kama masu faffaɗan ganye kawai.

Ma'auni: lita 1.5 a hekta cikin ruwa lita 200, wato mililita 120 a injin goyo mai lita 16. Ruwan ya zama tsaftatacce, a tace shi, domin laka na toshe bakin injin.

Lokaci shi ne kan maganar. A fesa farkon damina, tafasa ba ta wuce taƙi ɗaya ba. In ta yi fure, sai ta murɗe kawai ta sake tohowa. Da safe ake yi bayan raɓa ta bushe, babu iska, babu hadari. Ruwan da ya sauka cikin awa 6 na iya wanke maganin. Iska kuwa takan kai shi gonar wake, auduga ko tumatir ya lalata su. Inda aka shuka lablab (wani irin wake na abincin dabbobi), sai dai a cire tafasar da hannu, don shi ma maganin zai kama shi.

Na sa takunkumi, safar hannu da takalmin roba. Na hana dabbobi shiga har sati 2, na kuma gargaɗi masu tsinkar tafasa don kwaɗo. Irin da ke ƙasa zai fito baɗi, sai a bi wuraren da feshi ɗaiɗai.