Yadda ƙungiya ke shirya tattaki da hawan dutse daga Akra

Abu biyu ne ke juya kowace fita ta ƙungiya: agogo, da ƙafar wanda ya fi kowa nawa. A Akra rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 na safe ta faɗi wajen 6 na yamma kusan duk shekara, kuma da ta faɗi duhu ba ya jinkiri. Daga ƙarfe 10 kuwa zafi ya fara cizo. Don haka a sanya lokacin haɗuwa dab da idar da sallar Asuba, mota ta tashi kafin 5:30, a gama hawa mai wuya kafin hantsi ya dubi ludayi.

Sabuwar ƙungiya kada ta fara da tafiya mai nisa. Hawan Ayi Mensah zuwa Peduase shi ne ma'auni. Daga Nima, Maamobi ko Madina a bi ta Adenta da Pantang da Oyarifa, a sauka a tsohon wurin karɓar kuɗin hanya da ke gindin dutsen. Hanyar kwalta ce, babu maganar ɓata, kuma ranar Asabar da safe cike take da masu motsa jiki. A yi layi ɗaya a gefen da ake fuskantar motoci masu tahowa, kada a jeru uku-uku ana hira a kan kwana. Inda aka yanka dutse aka fitar da hanya ba wurin zama ba ne, musamman bayan ruwan sama, domin duwatsu sukan gangaro. Masaukin shugaban ƙasa da ke Peduase wurin tsaro ne, a nemi izini kafin a ɗaga waya a ƙofarsa. A maimaita wannan hawa Asabar uku ko huɗu, sakatare yana rubuta minti nawa na ƙarshe ya yi kafin ya iso. Da wannan lokacin za a riƙa lissafin duk wata fita ta gaba, ba da na samarin da ke hayewa a guje ba. Ranar da aka ga kowa ya saba, sai a ƙarasa Aburi a huta a lambun nan da aka buɗe a 1890.

Daga nan sai Shai Hills, kimanin kilomita 50 daga Akra a kan hanyar Akosombo. Gandun daji ne na gwamnati, ba a yawo a ciki sai da ɗan jagoransu, saboda haka a sanar da su yawan mutane tun da wuri. Yawancinsa fili ne mai ciyawa, inuwa kaɗan ce, wanda ya isa ƙarfe 11 ya sayi wahala da kuɗinsa. Hawa zuwa kogunan dutse da mutanen Shai suka zauna kafin Turawan Ingila su kore su a 1892 yana buƙatar hannu biyu a wasu wurare, don haka jakar goyo ake so, ba leda a hannu ba. Tun daga bakin ƙofa akwai manyan birai da suka san ƙarar leda sarai. Kada a ba su komai, kada a buɗe abinci a gabansu, a ɗaga gilasan mota.

Tsarin layi

Mutum uku ake naɗawa kafin a ɗaga ƙafa: na gaba, na baya, da mai riƙe akwatin magani. Ba mai wuce na gaba, ba wanda na baya zai bari a bayansa, ko da fitsari mutum ya tsaya yi. A ba na baya mutumin da ya fi kowa ƙarfi da haƙuri, ba wanda ya gaji ba. In jama'a sun haura 20, a sa gogagge ɗaya a tsakiyar kowane mutum 8 zuwa 10. Na gaba da na baya kowa ya rataya usur, domin a cikin kwari waya takan rasa sabis. Busa ɗaya a tsaya, uku a jere akwai matsala.

Ga kuskuren da ya fi kashe ƙungiyoyi. Na gaba sun isa inuwa, sun zauna minti 10, sun sha ruwa, sun ɗauki hoto. Hajiya ta iso tana haki, hannu a kan gwiwa, sai wani ya miƙe ya ce, “To, mun cika, mu je.” Masu ƙarfi sun huta, wadda ta fi kowa buƙatar hutu ba ta samu ko minti ɗaya ba, kuma haka za a yi ta yi har ta galabaita, mako mai zuwa ba za a gan ta ba. Hutu yana fara ƙirguwa ne daga lokacin da na ƙarshe ya iso. Abin da ya dace a ce shi ne, “Sannu Hajiya, zauna ki sha ruwa, ba sauri muke ba.” Mafi sauƙi ma a sa masu nawa a bayan jagora kai tsaye, tafiyar kowa ta daidaita da tasu. A kowace mararraba a tsaya a ƙirga kai da sunaye daga takarda. Ƙirga da ido yakan bar mutum a daji.

Lissafin lokaci ba wuya: ƙungiya mai manya da mata da matasa tana cin kilomita 3 zuwa 4 a awa a miƙaƙƙiyar hanya. A ƙara awa guda a kan kowace mita 400 ta hawa, a ƙara minti 10 na hutu a kowace awa. Sannan a yanke lokacin juyawa, a faɗe shi a gaban kowa tun a mota: ƙarfe kaza za mu juya, mun kai ƙololuwa ko ba mu kai ba. Ana faɗa tun da wuri ne domin a kan dutse kullum akwai mai cewa saura kaɗan. Saukowa kuma ba ta fi hawa sauri yadda ake zato ba, a nan gwiwa ke rawa, a nan ake yawan targaɗe.

Ruwa, abinci, sutura

Ledar ruwa ɗaya rabin lita ce, jaka guda leda 30. A ƙiyasta leda ɗaya ga kowane mutum a kowace awa ta tafiya, a ƙara biyu na ko-ta-kwana. Tafiyar awa 4 ke nan leda 6, jaka guda ta mutum 5. Ruwan alwala daban ne, a zuba a jarka a bar shi a mota tare da butoci, in ba haka ba na sha zai ƙare a wankin ƙafa. Leda takan fashe a cikin jaka, gara a juye a gora. A daskarar da wasu tun dare, su narke a hanya. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan kafin ƙishi ya zo, kuma kowa ya dawo da ledarsa a aljihu.

Koko da ƙosai kafin a shiga mota sun wadatar. Abincin rana ne ke son tunani. Wake da shinkafa da aka dafa ƙarfe 4 na dare, aka haɗa da taliya da latas da miya aka rufe a roba, aka bari a mota mai zafi, kafin Azahar ya fara tsami, kuma gudawa a hanyar dawowa ba abin dariya ba ce. Dokunu da soyayyen kifi da shito sun fi jure zafi. A cikin jaka kuma a sa dabino, gyaɗa, ayaba, ƙuli-ƙuli, burodi da dafaffen ƙwai. Fura da nono ko burkina sai da kula mai ƙanƙara. Mai ciwon suga ya karya kafin hawa, ya riƙe alewa ko dabino a aljihu. Shi da mai hawan jini da mai asma su sanar da mai magani a asirce, kowa da maganinsa a jikinsa, ba a mota ba.

Takalmi ya zama kambas mai kaushin ƙasa wanda ƙafa ta saba da shi. Sabo fil yana fitar da bororo tun a awar farko, silifa kuwa santsi. A yanke farcen ƙafa kwana biyu kafin tafiya, domin a gangara yatsu suna dukan bakin takalmi har farce ya yi baƙi. Da mutum ya ji wuri yana zafi a dunduniya ya tsaya a manna filasta, kada ya jira ya tashi. Mata su sa hijabi mai tsayawa a ƙugu, da riga har gwiwa a kan wando mai faɗi. Dogon hijabi da abaya suna kama ƙaya, ana kuma taka su a hawa. Maza su ajiye jallabiya da wandon jins. A bar turare mai ƙarfi a gida saboda ƙudan zuma.

Akwatin magani ya ƙunshi filasta, bandeji mai talewa guda 2 ko 3, auduga, maganin wanke rauni, farasitamol, almakashi, safar hannu da ƙunshin ORS, garin haɗa ruwan gishiri da sukari. In ORS ya ƙare, a dama ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Wanda ya fara jiri, ciwon kai ko tashin zuciya, a kai shi inuwa, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a jiƙa masa jiki ana fifita, a ba shi ruwan yana kurɓa. In ya fara sambatu ko ya suma, kada a ɗura masa komai, a ci gaba da sanyaya shi a nufi asibiti. Saran maciji kuwa ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi da sanda da bandeji, a ɗauki mutumin kada ya taka. Lambar gaggawa 112 ce, amma a san asibiti mafi kusa tun kafin a fita: Mampong in ana wajen Aburi, Dodowa in ana yankin Shai, Hohoe in ana magangarar ruwan Wli a yankin Volta. Kowa ya zo da katin inshorar lafiya na NHIS.

Kuɗi da mota

A fara da jin kuɗin shatar mota, da na shiga, da na ɗan jagora, da ruwa, da abincin direba. A ƙara kashi 10 cikin 100 na abin da ba a zata ba. Sannan kada a raba da yawan kujeru, a raba da kashi 80 cikin 100 nasu, domin a daren tafiya sai an sami mai suna, mai biki, mai rasuwa. Kujera ta wanda ya biya ce ta MoMo zuwa lamba ɗaya, ta ma'aji, a rufe karɓa kwana 3 kafin ranar. “Malam, sa sunana, zan ba ka a mota” ita ke jefa shugabanni cikin bashi. Wuraren yawon buɗe ido sukan bambanta kuɗin ɗan ƙasa da na baƙo, da na ɗalibi, don haka a zo da Ghana Card da katin makaranta.

Mutum biyu su je su ga motar da idonsu kwana ɗaya kafin tafiya: taya har da safaya, jak, fitilu, birki, takardar lafiyar mota ta DVLA, da inshora. A yi magana a fili da direba kan wa zai sayi mai, ƙarfe nawa za a dawo, da cewa ba zai tafi lodin fasinja ba yayin da jama'a ke kan dutse. Ba kujerar ƙari a tsakiya.

Tafiyar kwana

In ƙungiya ta yi ƙwari, sai yankin Volta. Hanyar tana bi ta Atimpoku a haye gadar Adomi, a wuce Peki da Kpeve zuwa Hohoe, awa 4 zuwa 5 gwargwadon yanayin hanya. Masu ƙoƙarin haɗa dutsen Afadjato da Wli a yini ɗaya su dawo Akra, su ne ke shigowa tsakar dare da direba mai gyangyaɗi. A yi kwana ɗaya. Ranar farko a isa da rana a je magangarar ruwan Wli ta ƙasa, tafiyar kusan minti 45 ce a hanya mai sauƙi da ƙananan gadoji, ga dubban jemagu maƙale a jikin dutse. Ta sama aikin awoyi ne a hanya mai tsayi da santsi, ba ta kowa ba ce. Washegari da sassafe a hau Afadjato daga Liati Wote. Hawan gajere ne amma a tsaye yake, sanda tana da amfani ƙwarai, kuma waɗanda ba za su iya ba suna da magangarar Tagbo a garin. A tashi zuwa gida kafin ƙarfe 1.

A kama masauki tun da wuri, ɓangaren mata daban, da dattijuwa guda da za ta kula da 'yan mata. Yaro ƙasa da shekara 18 sai da yardar iyaye a rubuce. Akwai zango a Hohoe, a nan za a sami masallaci da naman da hankali zai kwanta da shi. Nisan ya wuce kusan kilomita 80 da malamai ke ambata wa ƙasaru, Aburi da Shai Hills kuwa ba su kai ba. A tambayi malamin unguwa hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kafin a tashi, kada a tsaya gardama a bakin hanya. A ƙauye a gaida masu gari, a ɗauki ɗan jagoransu, a tambaya ko akwai ranar da ba a shiga daji, kada a tsinki koko ko ayabar gonar kowa.

Lokaci mafi daɗi shi ne Agusta, da sanyi-sanyi kuma ruwa ya ɗan ɗauke, sai ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba. Yuni tsakiyar damina ne, hanyoyi sun yi santsi. A hunturu hazo yana rufe abin da aka hau don a gani, ana ƙona daji, kuma magangarar Boti da ke kusa da Koforidua takan ƙafe, sai a sauka matakala kusan 250 a tarar da dutse. Azumi kuwa a ɗage fita sai bayan Sallah. Da an ga hadari ya haɗo ko iska ta taso, a fito daga ruwa, a bar ƙarƙashin manyan itatuwa da kan ƙololuwa nan take. A Maris 2017 guguwa ta kayar da itace a kan masu wanka a magangarar Kintampo, mutane da dama suka rasu, yawancinsu ɗalibai. Wanka a gaɓar tafkin Volta kuma yana jawo tsargiya, a hana yara ko sun yi magiya.

Kafin mota ta juyo a sake kiran suna ɗaya bayan ɗaya, a duba ƙafafu da wuya ko kaska ta maƙale, mutum ɗaya da bai gaji sosai ba ya zauna gaba yana taya direba hira. A cikin kwana 2 ma'aji ya sa lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe a zauren WhatsApp na ƙungiya, da hoton rasit, a kuma faɗi ko rarar za a mayar wa mutane ko za ta shiga asusun fita ta gaba.